Tun da muka baro Madani ƙirjina yake toshewa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce, shekaruna 34, 'ya'yana huɗu. A Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife ni, can na yi aure. Mun baro garin a watan Disamba na 2023 da faɗa ya shigo, muka sauka wajen dangin mijina a Gadarif. Alhamdu lillahi ba mu rasa kowa a hanya ba, amma ni tun daga lokacin ban koma daidai ba. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi, ko salansar raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta yi ƙara, sai gabana ya yanke ya faɗi, ƙirjina ya toshe kamar an ɗora mini turmi, zuciya ta kama dukan uku-uku, yatsuna su sage, in ga kamar mutuwa ce ta zo. Wani lokaci cikin dare yake tashina ba gaira ba dalili. Sau biyu ina zuwa asibiti. An auna zuciya da na'ura, an ɗebi jini, likita ya ce ba komai, wai in riƙa jan numfashi mai zurfi da ciki. Na gwada, na yi ta zuƙar iska, sai ma jiri ya ƙaru. Surukata ta ce ko dai iska ce ta shafe ni a hanya, ko kuma raki ne, don kakanninmu da ƙafa suka tako daga ƙasar Hausa ba su yi haka ba. Ga shi mijina ya fara maganar mu koma gida. Gwaggo, numfashi magani ne, ko likitan sallamata kawai ya yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, sannu ƙwarai. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa cikin aminci.

Na san a duk abin da aka faɗa miki, "ba komai" ɗin nan ce ta fi yi miki ciwo. Abin da likita yake nufi shi ne bai ga cuta a zuciyarki ba, kuma wannan albishir ne babba, ki riƙe shi da hannu biyu. Amma abin da kike ji a ƙirji gaskiya ne. Yana da hanyar da yake bi a jiki, likitoci sun san shi, ni ma na sha ganinsa ga mata a shekarun da na yi ina aikin ungozoma, tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, balle bayan ɓarkewarsa. Shawarar da ya ba ki ma daidai ce. Layi ne ya yi masa tsawo, ya ba ki rabin magana ya kira na gaba. Ɗaya rabin zan cika miki.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar da kuka fito daga Madani, jikinki ya yi abin da Allah ya halicce shi ya yi. Akwai wasu 'yan ƙullutai biyu a saman ƙoda da ke zuba wani sinadari cikin jini, ana ce masa adirenalin. Da ya zuba sai zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi ga cinyoyi da damatsa. Shi ya ba ki ƙarfin goya ɗa ɗaya, ki ja biyu, ki yi tafiyar da a da ba ki taɓa zaton za ki iya ba. Matsalar ita ce mai gadin nan na cikin jiki bai samu labarin kun iso Gadarif ba. Har yau a tsaye yake da sanda. Ƙarar ƙofa ta ishe shi ya yi kururuwa.

To, ga inda jirin ya fito. Babban mutum in yana zaune lafiya, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In firgici ya zo, sai numfashin ya koma saman ƙirji, ya zama haki, da sauri da sauri. Ke a lokacin ji kike iska ba ta isarki, alhali jininki cike yake da oksijin. Abin da ya ragu shi ne ɗaya iskar, wadda muke fitarwa, ta kabon. Mutane na ɗauka datti ce zalla, amma jini yana buƙatar wani ma'auni nata ya zauna a cikinsa. In haki ya kwashe ta fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai su ɗan tsuke, kai ya yi sakayau, jiri ya zo, leɓe da yatsu su yi kamar ana tsira musu allura, wani lokaci ma yatsun su ƙage. Ke kuma da kin ji haka sai ki ce shi ke nan ta zo, tsoro ya ƙaru, hakin ya ƙaru. Da kika yi ta zuƙar iska da ƙarfi saboda an ce "mai zurfi", itace kika ƙara wa wutar ba ki sani ba. Zurfin da ake nufi shi ne numfashi ya sauka ƙasa, ya tafi a hankali. Yawan iskar ba shi ake nema ba.

Kin taɓa gyara kayan cikin ragon layya, na tabbata. Ki tuna lokacin da aka farke shi, akwai wani faffaɗan tantani, gefensa jan nama tsakiyarsa fari, da ya raba huhu da zuciya a sama, hanta da tumbi a ƙasa. Likitocinmu na nan suna ce masa hijabul hajiz. Ke ma kina da shi, a kife kamar ƙwarya ƙarƙashin huhunki, a manne da haƙarƙarin ƙasa. Shi ne babban ma'aikacin numfashi. In ya motsa sai ya sauka ƙasa, huhu ya samu fili ya buɗe, kayan ciki su ɗan turo gaba, shi ya sa ciki yake tasowa. In ya saki sai ya koma sama, iska ta fita da kanta. Iska ba ta shiga tumbi, a huhu take tsayawa. Tasowar ciki shaida ce kawai cewa tantanin yana aikinsa. Yau da dare ki tsaya kan autanki in ya yi barci, ki ɗaga rigarsa. Za ki ga cibiyarsa tana hawa tana sauka, kafaɗunsa ko motsi ba sa yi. Haka kike yi ke ma kafin tsoro ya mayar da aikin kan wuya da kafaɗa, waɗanda 'yan taimako ne na ranar gudu. Ina kyautata zaton wuyanki da kafaɗunki a ɗaure suke kwana, ko da ba ki faɗa ba.

Abin da ya sa nake girmama numfashi shi ne wannan. Ba ki da ikon ce wa zuciya ta rage gudu. Ba ki da ikon hana gumi tsatsowa ko hanji kaɗawa. A duk ayyukan da jiki ke yi da kansa, numfashi ne aka bar miki linzaminsa a hannu, kuma in kin ja shi sauran sukan bi. Akwai jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, ta goma a cikinsu doguwa ce, ta bi ta wuya ta sauka zuciya da huhu da hanji. Aikinta kwantar da jiki. Duk lokacin da kike fitar da numfashi, tana ɗan taka wa zuciya birki. Kina iya jin wannan da kanki: ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu inda jini ke harbawa, ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali. Wajen ja bugun yana ɗan ƙara sauri, wajen saki yana lafawa. Saboda haka fitarwa ta fi ja muhimmanci, ita ake tsawaitawa.

Ba na manta wata yarinya da na karɓi haihuwarta ta fari. Naƙuda na tafiya daidai, amma tsoro ya sa ta haki har yatsunta suka ƙage kamar ƙafar kaza, tana cewa a kira mata uwarta ta yafe mata. Ban ce mata ta kwantar da hankali ba, don wanda ke cikin wannan hali ba ya jin wannan magana. Na matso har goshinmu ya kusa haɗuwa, na ce ta kalli bakina, na tsuke shi na riƙa hura iska sannu sannu a bayan hannunta. Sai ta fara bina. Ban ƙirga mintuna ba, amma ina kallo yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya, ta nemi ruwa.

Ga yadda za ki yi. Ki zaɓi lokacin da kike lafiya lau, ba abin da ya taso. Ki kwanta rigingine a kan angarib, wato gadon igiya, ko tabarma, ki lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki sassauta ɗaurin zani, don mu mata mun saba tamke ƙugu har ciki ya rasa inda zai motsa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ki fara da fitar da iskar da ke ciki tukuna, ta baki, a tsuke kamar mai hura kunu mai zafi a ludayi. Sannan ki rufe baki, ki bar iska ta shiga ta hanci ba tare da kin fizge ta ba, kina ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci. Hannun cibiya ne zai taso, na ƙirji ya zauna kusan shiru. Sai ki sake ta ta baki, kina ƙirga ɗaya zuwa shida. In ƙirgan ya yi daidai da daƙiƙa, numfashi ɗaya ya ci daƙiƙa 10 ke nan, sau 6 a minti, kuma wajen nan ne masu binciken abin suka ga zuciya da numfashi sun fi tafiya tare. In huɗu da shida sun yi miki tsawo da farko, ki yi uku da huɗu. Ba gasa ake ba. Kada ki cika huhu taf, kada ki turo ciki da ƙarfin tsiya. Numfashin ya zama marar ƙara, wanda na kusa da ke ba zai ji ba.

Minti 5 ya isa a zama ɗaya, sau biyu ko uku a rana. Ni ina ba mata shawara su ɗaura shi a gindin salla, don abin da ba shi da mazauni a yini mantawa ake da shi. Bayan asuba kafin yara su tashi, bayan la'asar, sai kuma in kin kwanta. In kin saba a kwance, ki koma yi a zaune kan sallaya, daga nan a tsaye, kina tuƙa ƙullun kisra, gurasarmu ta dawa, ko kina layin ruwa.

Kwanakin farko zai yi miki banbaraƙwai. Za ki ga ƙirji ne ke tashi, ciki ya ƙi, ko ma ciki ya shige lokacin da ya kamata ya fito. Ki ɗora wani abu marar nauyi a kan cibiya, ko ƙaramin kwano, ki riƙa kallonsa yana hawa da sauka. In kin ji jiri, alamar kin ja da yawa ce; ki tsaya, ki bar numfashi ya koma yadda ya saba, in ya wuce ki sake da ƙaramin ja. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane irinki ba. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, wani lokaci in ya rufe ido ya yi shiru, abin da ya gani ne yake dawo masa. In haka ta faru, kada ki rufe. Ki kafa ido kan abu ɗaya a ɗakin, ko butar alwala ce, ki ji taurin tabarma a bayanki, ki yi minti ɗaya kawai ki tashi. Gobe ki ƙara kaɗan.

Na nace kan ki koya lokacin da kike lafiya saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da abin ya taso ba ranar koyo ba ce. Amma in jiki ya yi makonni yana bin hanyar, zai gane ta ko a cikin duhu. In ya taso, ki zauna, ki dafa cibiya, ki manta da maganar jan iska gaba ɗaya, ki hura kunun nan kawai, doguwar hurawa. Shigar iska za ta zo da kanta. Ki gaya wa kanki da baki: an auna zuciyata, lafiyarta ƙalau, wannan firgici ne, zai wuce. Irin wannan tasowa yawanci takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin kamar minti 10 sannan ta fara sauka. Numfashin ba lallai ya yanke ta nan take ba, kada ki ce bai yi aiki ba don ba ta tsaya a hurawa ta uku ba. Abin da yake yi shi ne ya hana haki ƙara mata itace. In wani ya ce ki sa baki cikin leda ko jakar takarda ki yi numfashi, kada ki yarda. Tsohuwar dabara ce da likitoci suka daina so, don tana iya cutar da wanda matsalarsa ta huhu ce ko ta zuciya.

Masu dagewa a kai sukan ga canji a wuraren da ba su zata ba. Barci yakan zo da wuri. Wuya da kafaɗa sukan saki. Yawan gyatsa da kumburin ciki da ke zuwa daga haɗiyar iska lokacin haki sukan ragu. Hawan jini ma yakan ɗan sassauta, ko da yake kaɗan ne, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda aka ɗora a kanta, haka mai asma ba ya ajiye abin shaƙarsa. Wanda ni ya fi faranta mini rai shi ne uwa ta ce ta rage yi wa yara tsawa, don tsakanin ɓacin rai da buɗe baki ta samu wurin hurawa ɗaya.

Zan taɓa abin da na san ba za ki so ba: jabana, wato gahawarmu ta Sudan. Na san zaman jabana da 'yan uwa mata yana cikin 'yan abubuwan da suka rage wa wanda ya bar gidansa. Amma gahawa mai kauri tana sa zuciya gudu da hannu rawa, irin alamomin da mai gadin nan naki yake jira ya gani ya yi kururuwa. Ki zauna da su, ki sha finjali ɗaya da safe, ki bar na biyu da na uku, bayan azahar kuma ki koma karkade, wato zoɓo, ko ruwa. Shayi mai kauri ma haka. Ki gwada mako biyu ki gani.

Maganar surukarki, kada ki yi musu da ita, uwa ce, kuma ita ma ta ga abin da ta gani. Gaskiya ta faɗa cewa kakanninmu sun sha tafiya. Waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, da alhazan da suka yi shekaru a hanya suna noma suna matsawa gabas, dauriyarsu ba ta da misali. Amma jiki irin namu gare su, kuma ban yarda cewa duk wanda ya iso bakin kogin Nilu barci ya riƙa yi har safe ba. Tsoro ya kama jiki ba raunin imani ba ne. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wahayi ya fara zo masa a kogon Hira, gida ya koma zuciyarsa na kaɗawa yana cewa a lulluɓe shi, Nana Khadija kuwa ta lulluɓe shi har firgicin ya tafi, ta kwantar masa da hankali da magana mai daɗi. Annabi Musa da za a aike shi wajen Fir'auna, farkon abin da ya roƙa shi ne a buɗa masa ƙirjinsa. In surukarki ta kawo tofi ki karɓa da godiya, ki yi azkar ɗinki na safe da yamma. Kina ma iya barin ƙirga lamba ki sa tasbihi a madadinta, kina ja a zuci, kina sakin iska da salati mai tsawo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a turnuƙe ki da hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a kai ki inda za a doke ki da sunan fitar da iska. Ƙirjin da ke toshewa ba ya son hayaƙi.

Akwai alamomin da in kin gan su ba zaman hura kunu za ki yi ba, asibiti za ki nufa a lokacin: ciwon ƙirji mai dannawa da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, suma, numfashi ya riƙa yankewa in kin ɗan yi tafiya ko kin kwanta, kumburin ƙafa, tari da jini, ko zazzaɓi. In za ki koma wajen likita, ki tambaye shi ko gwajin da aka yi ya haɗa da ƙarancin jini da kuma ƙullutun wuya da ke kawo maƙoƙo, don su biyun suna sa bugun zuciya irin wannan, kuma mace mai haihuwa huɗu da ta sha ƙarancin abinci ba a raba ta da na farkon.

Ba zan yaudare ki ba 'yata, numfashi yana kwantar da jiki amma ba ya goge abin da ido ya gani. In kina mafarkin ranar nan a kai a kai, ko kina gudun duk abin da zai tuna miki ita, ko kin wayi gari ba abin da ke miki daɗi, wannan yana buƙatar a zauna a yi magana da likitan da ya karanci damuwar zuciya. Zuwa wajensa ba hauka ba ne, kuma akwai magani na magana da na sha da ke aiki. Ki tambaya a asibiti ko wajen ma'aikatan agaji da ke kula da waɗanda suka baro gidajensu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗa masa duka yadda kika faɗa mini.

Batun komawa kuwa, tun da sojoji suka karɓe Madani a watan Janairu na 2025 mutane suke ta komawa, kuma shawarar taku ce ke da maigidanki. Ki dai sani ranar da kika sake ganin titin da kuka bi da gudu, mai gadin zai iya miƙewa da ƙarfinsa, ko da garin lafiya yake. Don haka ki samu maigidan cikin natsuwa tun yanzu, ki karanta masa wasiƙar nan. Ki nuna masa abin da zai yi in abin ya taso a mota ko cikin dare: kada ya tara miki mutane, kada ya girgiza ki yana tambayar me ya faru. Ya zauna kusa, ya riƙe hannunki, ya tsuke baki ya riƙa hurawa a hankali inda za ki gan shi. Ki kuma lura da yaran, musamman babban, don shi ya fi gane abin da ya faru a hanya. In yana firgita cikin barci, ki kwantar da su a jere bayan isha, kowa da ƙaramin kwano a kan cibiya, a ga wanda nasa zai hau ya sauka bai faɗi ba. Ke ma ki kwanta a cikinsu da naki. Bayan mako uku ki rubuto mini yadda dare yake zuwar miki.